Taraktar Marigayi Ta Daina Jan Mai

"Sannu da aiki, mai gidan. Kana da rai a ƙarƙashin nan, ko in aika a fara haƙa?"

"Yauwa, tsohuwa. Bari in gama da wannan gyatumar, sannan in duba ki."

Iya Zaituna ce ta jawo kujera zuwa inuwar dalbejiya, a bayan gidansu da ke Baure. Jikanta Nu'uman bakanike ne a Daura, ya iso tun da hantsi, yana kwance a ƙarƙashin tarakta. Jar taraktar ta marigayi mijinta ce, ta girmi Nu'uman nesa. Bana da aka tayar da ita bayan rani, allurar agogon da ke nuna hawan man inji ta ɗaga kaɗan ta koma ta kwanta. Sha'aban, ɗan Iya, ya ce in injin ya tafi, gobe masu sayen tsohon ƙarfe za su zo su yanka ta. Maganar ta iso kunnen Iya. Tuwo ne dai ba ta ci ba ranar.

"To me ke damunta? Yunwa ce? Ku ba ta mai mana, marowata."

"Mai na nan cike, na zaro sandar awo na gani. Yana kwance a ƙasa ne, ba ya hawa. Kamar ke da asuba."

"Ni na riga zakaran uwarka tashi. Ba agogon ne ke ƙarya ba? Wanda ya zauna da ku dole ya koya."

"Na ɗaura nawa agogon, shi ma haka ya ce."

"Shaidu biyu, duk daga gidan maƙaryaci."

Nu'uman ya kwance notin ƙasa, baƙin mai ya tsiyaye cikin daro. Ya sa yatsu biyu ya murza, ya ɗaga wa rana. Iya ta miƙo wuya.

"Me kake nema? Zinari? Ka dai biya sadakina tukun."

"Garin ƙarfe nake nema. In injin ya ci kansa, sai ki ga mai yana ƙyalli."

"Yana yi?"

"Ba ya yi."

Iya ta gyara zama. "To sauran me?"

"Ko famfon mai ya gaji, ko rariyar da yake zuƙa ta cikinta ta toshe. Sai na sauke kaskon man da ke ƙasan injin. Riƙe mini notocin nan, kada ki haɗiye, na san ba haƙoran da za su tare."

"Huɗun da suka rage sun ishe ni in cire maka kunne."

An ɗauki lokaci ana kwance-kwance. Da kaskon ya sauko, Nu'uman ya leƙa ciki. Ya sa hannu ya janyo wani abu da ya nannaɗe rariyar, baƙi ƙirin, yana ɗiga. Ya wanke shi da kananzir, ya shimfiɗa a kan taya. Tsumma ne na atamfa, ganye kore da 'yan tsuntsaye.

"Iya, wannan tsuntsun na san shi. A bayansa aka goya ni."

"Rabin matan Baure sun ɗaura irinsa."

"Rabin matan Baure ba su da tarakta a bayan ɗaki. Ga wani kuma, mai ruwan goro. Kayan lefe kike tara wa injin?"

"Zanzaro ne. Kowane rani sai ya nemi rami ya yi gini. In bar masa bakin zuba mai a buɗe, ya cika shi da laka? Toshewa na yi."

"Ki toshe, a zo da damina a tura shi ciki da mazurari. Shekara nawa?"

"Uku. Kai da ba ka zuwa sai da Sallah, ka zo cin nama."

"Ina marfin wurin ya tafi?"

"Marfi yana da ƙafa ne? Ni ka ba ni ajiya?"

Nu'uman ya koma kan aikinsa. Ya wanke rariyar, ya mayar da kasko, ya zuba sabon mai. Ya hau ya murza makulli. Injin ya yi tari sau biyu ya kama. Iya ta tashi ba tare da sandarta ba, ta zo ta leƙa agogon. Allurar ta ɗaga, ta wuce rabi, ta tsaya a nan. Suka jira har injin ya yi zafi. Allurar ba ta sauko ba.

"Ki gaya wa Baffa Sha'aban ya sallami mutanensa. In kuma sun riga sun taso, sai in ba su ke, kada su koma hannu wofi."

"Ba za su iya kuɗina ba."

Ta shiga ɗaki ta daɗe. Da ta fito, ta kwance bakin zanenta ta miƙa masa marfin, a goge tas, yana ƙanshin turaren da ke cikin akwatinta.

"Kakanka ne ya ɗaura shi da hannunsa, ranar da ya yi huɗarsa ta ƙarshe," in ji ta. Sai ta yi dariya. "Ungo, ka yi nasara. Amma ka ɗaura da kyau, malalaci. Hannunka bai kai nasa ba."