Ranar da Na Goge wa Gyaɗa Direba

Ni ne mai gyaran kwamfuta a ƙauyenmu, kafin Sagir ɗan baffana ya dawo daga birni ya sa wa laftof ɗin ƙungiyar manoma manhajar nan ta kyauta. Nan da nan har tsofaffi suka koma ce masa Injiniya. Ni kuwa har yanzu "kai, wane".

Ranar da malamin gona ya zo daga Minjibir zai nuna mana hotuna, yana fita alwala na leƙa allon. Ganyen gyaɗa duk ya yi ruwan ɗorawa, ya cukurkuɗe. Daɗi ya kama ni.

Na ɗaga murya na ce, "Kun ga abin kyauta ko? Direban hoto ne ya lalace."

Na gyara zama na goge direban, wato manhajar da ke fito da hoto a allo. Allo ya yi baƙi ƙirin.

Malamin ya dawo ya ce, "Ina hoton cutar gyaɗar da na buɗe?"

Sagir ya zauna ya gyara.

Har yau duk wanda gyaɗarsa ta kamu, sai ya yi mini sallama: "Malam, yaushe za ka zo ka goge mata direba?"