Yadda Za Ki Mayar da Harshenki na Landan Ba Tare da Kin Bar Shamaki Ba

'Yar'uwa, in kika bi waɗannan matakai, na ba ki tabbacin kafin tumatir ya sake tsada Turancinki zai koma fita ta hanci, masu keke su riƙa ce miki madam. Ni dai a firamare na tsaya, amma katangarmu ɗaya da Bilkis a nan unguwar Shamaki, kuma katangar gajeriya ce. Yawancin abin da zan gaya miki a kan idona aka yi shi, ragowar kuma daga bakinta na ji.

Mataki na 1: Ki samo abin da zai hana ki sukuni

Ba a gyaran harshe cikin kwanciyar hankali. Ita Bilkis ɗanta na fari, Bappayo, ya isa shiga makaranta, zuciyarta kuma ta kafe a kan wata makarantar kuɗi mai shuɗin ƙofa a unguwar Tumfure. Gurbi ɗaya ya rage a ajin da zai shiga. A gidan biki ta ji cewa shugabar makarantar, Madam Edna, ba yaro take gwadawa ba, uwa take gwadawa, kuma da Turanci. Bilkis ta gama sakandare, tana jin Turanci sarai, sai dai in ta buɗe baki kowa ya san tuwon masara ta ci. Maigidanta kuwa ya yi lodin wake zuwa kudu. Nauyin ya dawo kanta.

Mataki na 2: Ki zaɓi malamar da ba a gane maganarta

In kina gane abin da malama take faɗa, to Turancinta bai nuna ba. Bilkis ta dace da Anti Jummy ta unguwar Bolari, wadda ke bin gidaje tana koyar da mutum ɗaya-ɗaya, kowa daidai da bakinsa. Ba ta taɓa zuwa Landan ba, amma ta taɓa raka wata mai zuwa can har filin jirgin Abuja, kuma tun daga ranar muryarta ba ta dawo daidai ba.

Ranar farko ta sa Bilkis ta wangame baki, ta haska ciki da fitilar waya.

“Amarya, harshen nan naki ya yi kwanciya da yawa,” in ji ta. “Amma za mu tashe shi.”

Mataki na 3: Ki tanadi kayan aiki

Madubi, fensir da kyandir. Madubin don ki ga irin abin da jama'a za su jure kallo. Fensirin ki gitta shi a baki ki yi ta karatu har yawu ya jiƙa miki hijabi. Kyandir kuwa ki kunna shi da rana tsaka, ki yi ta furta wani harafi da ke fita da iska har wutar ta mutu. In maƙwabta sun fara cewa an shiga malamai a gidan, ki ƙyale su. Ilimi bai taɓa yin kyan gani daga kan katanga ba.

Mataki na 4: Ki yi atisaye a kan mutanen gida

Akwai wani sauti da Turawa ba sa iya yi sai sun zaro harshe tsakanin haƙora. Anti Jummy ta ce a yi shi ko'ina, har a bakin murhu. Bilkis na cikin yi, idonta a kan tukunya, sai ga surukarta Nana Hauwa ta fito da buta.

“Ke yarinyar nan, ni kike yi wa gwalo?”

“Wallahi Dada karatu ne.”

“Karatu? Mu da muka yi allo harshenmu a ciki muka bar shi.”

Kada wannan ya karya miki gwiwa. Ki durƙusa ki ba da haƙuri, ki koma bayan ɗaki ki ci gaba. Awaki ba sa kai ƙara.

Mataki na 5: Abin da ya gagara, ki tsallake shi

Sun zo darasin gabatar da iyali. Bilkis ta faɗi unguwarsu, ta faɗi sana'ar maigida, ta faɗi cewa tana da ɗa mai son kifi, duk ta hanci, gwanin daɗi.

“Yauwa. Sai sunansa.”

Bilkis ta cusa fuska cikin hijabi.

Ga yadda abin yake. Sunan yaron na yanka Iro, sunan kakansa na wajen uba, marigayi mijin Nana Hauwa. Ɗan fari ne, ga shi kuma mai sunan suruki. A gidan nan Bilkis gara ta haɗiye garwashi da ta furta shi. Shi ya sa kowa ke cewa Bappayo.

“Haba amarya,” in ji Anti Jummy, “Bature har ubansa yana kira da suna, uban ya amsa yana dariya.”

“Anti, shi Baturen a gidan Dada yake zaune?”

Anti Jummy ta yi ɗan tunani, ta ce a bar wannan sai gaba, yanzu a koma kan kyandir. Haka ƙwararru suke yi. Abin da za a tambaye ki tabbas, shi ake ajiyewa sai ranar da babu lokaci.

Mataki na 6: Ranar ganawa, ki tafi da surukarki

Ba sai kin gayyace ta ba. Nana Hauwa da kanta ta yafa mayafi ta ce ba za a kai jikanta gaban baƙi ba ta nan. Tafiyar keke zuwa Tumfure doguwa ce, Bilkis ta yi ta motsa leɓe a hanya, mai keken na satar kallonta ta madubi yana karanto addu'a.

A ofis kuwa abin ya yi kyau. Madam Edna ta yi tambaya, Bilkis ta amsa, iska na fita inda ya kamata, harshe na leƙowa yana komawa. Har Madam ta sauke tabarau ta dube ta da kyau. A waje wata uwa na zaune da ɗanta a kan benci, su ma gurbin suke jira.

Sai Madam ta ɗauki biro ta tambayi sunan yaro.

Mataki na 7: Kada ki sa ran wani zai cece ki

Bilkis ta dubi ƙasa. Madam ta maimaita, wannan karon da Hausa. Ta juya ga yaron, ya ce, “Bappayo.”

“Wannan na gida ne, ɗana. Na yanka nake so.” Ta juya ga tsohuwa. “Mama, ko ke za ki taimaka mana?”

Nana Hauwa ta ɗaga kai tana nazarin fankar silin. Sunan mijinta ne, ko yana raye ba ta taɓa faɗa ba, balle yanzu.

“To ni ba na rubuta abin da ban ji ba,” in ji Madam Edna, ta ajiye biro. “Ga wasu can suna jira.”

Bilkis ta auna abin a ranta. In ta faɗa, ta faɗa a gaban Dada, kuma har ta tsufa za a riƙa ba da labarinta a gidajen suna. In ta yi shiru, yaron da ke kan benci ya shige.

Mataki na 8: Ki tuna cewa baki baki ne, ko na wane ne

Bilkis ta buɗe jaka ta ciro madubin nan, ta miƙa wa shugabar makaranta da hannu biyu.

“Madam, don Allah ki duba nan. Ki ja leɓe kamar za ki yi wa baƙo murmushin dole. Yauwa. Ki saki murya.”

Madam Edna ta dube ta, ta dubi madubin, ta saki murya.

“Yanzu ki ɗaga harshe ya taɓa sama, ki kaɗa shi. A'a Madam, harshen nan naki ya yi kwanciya, ki tashe shi. Sai ki zagaye baki kamar mai hura wuta. To ki haɗa su duka.”

“Iro?” in ji Madam Edna.

Bilkis ta sunkuyar da kai. Nana Hauwa ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce, “Ni dai fanka nake ji.”

Madam ta yi dariya har ta share hawaye, ta ce tun da take aikin nan ba a taɓa koya mata karatu a ofishinta ba. Ta rubuta sunan, ta ce yaro ya zo da kayan makaranta ranar Litinin.

Gargaɗi

Na yi alkawarin harshe zai gyaru, ban ce gida zai zauna lafiya ba. Abu na farko da aka koya wa Bappayo a makarantar shi ne yadda mutum zai faɗi sunansa da Turanci, da ƙarfi, ƙirji a buɗe. Kullum ya dawo sai ya tsaya a tsakar gida ya gwada, ya kuma nemi uwarsa da kakarsa su maimaita bayansa, don malama ta ce a yi atisaye da mutanen gida. Yanzu da an ji tsayuwar keke a ƙofa, Bilkis ta faɗa ɗaki, Dada ta shige bayan gida da butar da babu ruwa.

Saboda haka duk wadda ta bi matakan nan ta ƙone hijabi da kyandir, ko ta ɓata da surukarta, ko ɗanta ya kore ta daga tsakar gidanta, kada ta zo ƙofarmu. Ni ban ce komai ba, leƙe kawai na yi.