Ranar da Na Cinye Oksijin Ɗina

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da aka zo duba koyarwata ta gwaji a wata sakandare a Safana. In na faɗi, sai na maimaita shekara, kuma Baba ya riga ya gaya wa rabin Batsari cewa 'yarsa ta gama.

Don burga na zaɓi darasi mai wuya: sinadarin da ke cikin salansar mota, wanda yake ajiye oksijin ya sake shi ya ƙone gubar hayaƙi. Sirrinsa a jerin ƙwayoyin zarrarsa yake. Oksijin ya fita ya bar gurbi, ginin yana tsaye, daga baya ya dawo. Na haɗa samfuri da tsinke: manyan ƙwallayen laka su ne ƙwayoyin ƙarfen da ke cikin sinadarin, oksijin kuwa ƙananan ƙuli-ƙuli ne da Goggo ta mulmula, ta huda kafin ta soya.

Dakta mai dubawa ya ce ƙarfe tara, har sha biyu shiru. Ni kuwa in hankalina ya tashi, bakina ba ya zama (ko karyawa ban yi ba). Na ce ai dama sai na nuna gurbi, na cire ɗaya na jefa baki. Gurbi biyu ma ilimi ne. Wallahi ban san lokacin da na wuce goma ba.

Dakta ya iso, ya zauna a bayan aji da biro. Na ɗaga samfurin.

"Ku duba, ko oksijin ya fita, ginin ba ya rushewa."

Ruguzum! Laka ta watse, ƙwallo ɗaya ya gangara har gaban takalminsa.

"Malama, ina oksijin ɗin ya tafi?"

"Ya... ya fita, ranka ya daɗe."

"Na gani. Goge bakinki, ga saura nan."

Innalillahi! Ajin ya ɗauka da dariya. Na ji kamar in shige ƙarƙashin tebur. Na ce, "To kun ga abin da ke faruwa in an kwashe fiye da ƙima." Ya kalle ni, ya yi rubutu.

Sati uku ina zullumi. Da ƙyar na haye.

Yau shekarata shida ina koyarwa, kuma ban sake yin kayan darasi da abin da ke ciwuwa ba. Na san halina.