Kowa Ya Zo Da Bakinsa

Shekarar da aka damƙa mini gyaran manhajar ƙungiyar manoman albasa ta Aliero, sai mutum ya yi sallar azahar ya ci abinci kafin gwaje-gwajenta su kammala. Shugaban ƙungiya, Alhaji Bello, ya ce in ba a gyara ba kafin kakar albasa, zai ba wasu aikin.

Na gyara, kuma ina alfahari da hakan. Na sake tsarin harhaɗa manhajar daga tushe, gwaji ya koma ƙiftawar ido. Sai dai akwai wani tsohon gwaji mai nawa da ke duba ko haruffa masu lanƙwasa, irin su ƙ da ɗ, suna fita daidai a saƙo. Na dube shi da idon mai digiri biyu, na yanke hukuncin cewa ɓata lokaci ne, na goge shi.

Saƙon farko da sabuwar manhajar ta aika wa mambobi gayyatar taron ƙaddamarwa ce. Na rubuta, "Kowa ya zo da baƙinsa." Abin da ya isa wayoyin jama'a daga Jega har Maiyama shi ne, "Kowa ya zo da bakinsa."

Ranar taro wuri ya cika maƙil, mu kuwa ruwan leda kawai muka tanada. Wani dattijo daga Jandutsi ya dafa kafaɗata ya ce, "Injiniya, abin da anka ce muna munka yi. Ina tuwon?"

Alhaji Bello ya yi dariya har da hawaye, ya sa aka yanka raguna, ya kuma bar mini aikin. Amma har yau, in na shiga kasuwar Jega, sai wani ya buɗe baki ya nuna mini da yatsa: "Ga shi nan, Injiniya, ban baro shi gida ba."