Ƙullin Gashin da Na Jefa a Ruwan Deira

Ba zan taɓa mantawa ba da wata safiyar Juma'a a ƙarshen Oktoban 2018, ranar da ni ɗin nan, mai karatun digiri na biyu, na kwanta shame-shame a tsakiyar falo ina jiran wata Baturiya ta tsallake ni. In abin ya ba ka dariya yi abarka, ni ma nakan yi. Sai dai tawa dariyar ba ta nisa.

Mu uku ne a fulat ɗin, hawa na bakwai a unguwar Al Muraqqabat, can ƙasar Larabawa inda nake karatu. Ni da Anti Sadiya ɗakinmu ɗaya. Ƙawar yayata ce, tana aiki a wani ofishin kago, na masu aika kaya ƙasashen waje, a Al Buteen, kuma ita Umma ta damƙa wa amanata. Bakinta ba ya hutu, ita ta laƙaba min suna Farfesa. Ni kuwa irin mutanen nan ne da in an yi baƙi sai su maƙale a kicin har baƙin su tafi. Ɗaya ɗakin na Fiona ne, 'yar Afirka ta Kudu, mai kimanin shekara arba'in, tana koyarwa a makarantar renon yara. Shiru-shiru ce kamar ni. Abin da ta fi so shi ne tukwanen na'a-na'a da ɗoɗɗoya da ta jera a baranda.

Wata rana muna shan shayi Anti ta tambaye ta wane coci take zuwa. Ta ce ba ta zuwa coci, ita addinin Wicca take bi, amma mu bar zancen a tsakaninmu, don ba abin da ake yawo da shi ba ne a garin nan. Anti ta ce to madalla, a zatonta wata ɗariƙa ce ta Kiristoci. Ni ce uwar bincike, na buɗe kwamfuta. Na ga tauraro cikin da'ira, na ga wuƙa, na ga mata tsaye a daji suna ɗaga hannu ga wata. Daga nan duk shafin da ya fara bayani a kansu cikin natsuwa sai in tsallake, in nemi wanda ke zaginsu (ni da ko littafin girki na ɗauka sai na karanta gabatarwa).

A cikin watan Satumba gashina ya fara zuba. Kullum mataji cike. Ga jiri in na miƙe, ga rama har siket yana juyawa a ƙuguna. A gidanmu ba a wasa da gashin da ya zuba. Gwaggo, yayar babanmu da ta rene mu, ta koya mana a dunƙule shi a binne, don da shi ake yi wa mutum sammu. To a hawa na bakwai ina ƙasar binnewa? Ana cikin haka na ga Fiona ta fito daga banɗaki da gashi dunƙule a takarda. Yau na san magudanar shawa ta share, wato ƙazantata ta kwashe ba ta ce min uffan ba. A ranar kuwa sabon littafi na sayo.

Da rula na ja layuka, na raba kowane shafi gida uku: rana, abin da na gani, yadda jikina ya yini. "Talata, gishiri a ƙoƙo bakin tagarta, jiri sau biyu." "Asabar, ƙamshin kyandir, ciwon kai." Fiona tana ganin yadda nake ramewa, sai ta riƙa dafa min na'a-na'a tana ajiyewa a bakin ƙofa. In ɗauka in ce na gode, in tuttular a wurin wanke-wanke, sannan in shigar da shi a littafi.

Ranar wata Alhamis mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki zai zo, Fiona kuma daga makaranta za ta wuce garin Sharjah wurin ƙawarta sai gobe. Ta ba ni makullinta. Mai gyara yana can saman tsani, ni ina tsaye gaban wani ɗan tebur kusa da taga. Farin ƙyalle, kyandir biyu, gishiri, ruwa a kofi, ƙaramar wuƙa mai baƙin ƙota, biskit ɗaya a faranti, da hoton wata yarinya baƙar fata mai wushirya tana dariya. Na ce a raina ɗalibarta ce, Allah sarki, ita ma an kama ta. A gaban hoton akwai 'yar jaka shuɗiya. Na buɗe. Ƙullin gashi ne, baƙi, mai murɗe-murɗe irin namu, an ɗaure da jan zare. Gashin Fiona kuwa kamar gemun masara yake. To na wane ne in ba nawa ba?

Na cusa jakar a aljihu na aika wa Gwaggo saƙon murya ina kuka. Kafin azahar amsa ta iso. "Ke dai ba ki da wayo, kin je har ƙasar Larabawa kin haɗa gida da mayya. Maza ki jefa shi a ruwa, kada ki waiwaya. Sannan a sa ta tsallake ki sau uku ta sakar miki kurwa. Maye kunya gare shi, in an tona shi sakewa yake."

Da la'asar na gangara bakin ruwan Deira, na shiga abra, ƙaramin jirgin katakon nan da ke tsallaka mutane. Da muka kai tsakiya na sassauta yatsuna, jakar ta faɗa. Ban waiwaya ba. Da na koma gida na rubuta, "Jiri ya ragu sosai."

Sai da yamma na gaya wa Anti Sadiya. Ta dafe ƙirji. "Farfesa, ana cin ki ɗanye kina zaune kina rubuta rahoto? Wata biyu? A ƙasar nan sihiri laifi ne. Waya ɗaya zan buga, halas, shi ke nan, bizarta ta ƙare, sai jirgi."

Na ce, "Anti, ki bari ta fara tsallake ni tukuna. In aka tafi da ita da kurwata fa?"

"Haka ne kuma. Ashe karatun yana da rana."

Washegari da safe Fiona ta dawo. Ba ta yi minti goma a ɗakinta ba muka ji ana jan gado, ana buɗe durowa ana rufewa. Ta fito ba takalmi, ta juye kwandon shara a kicin tana tonawa da hannu. Anti ta ƙyafta min ido. Na gyara ɗankwali, na kwanta a kan kafet, na miƙe ƙafafu, na haɗe hannuwa a ciki kamar gawa. Da Turanci aka yi maganar, amma ga yadda ta kasance.

Anti ta tsaya da waya a hannu ta ce, "Fiona, zo nan. Kin ga yarinyar nan? Amana ce a hannuna. Yalla, maza tsallake ta. Sau uku."

Fiona ta dube ni, ta dubi Anti. "Me ya same ta? Faɗuwa ta yi?"

"Kin fi kowa sani. A garinmu wanda ya kama mutum shi ke tsallake shi, ya warke."

Na ga lokacin da maganar ta shigi Fiona, fuskarta ta yi ja har kunne. Na ɗauka za ta yi ihu ko ta ɗura mana zagi. Sai ta sunkuyo ta tambaye ni a hankali, "Ke ma haka kike gani?"

Na gyaɗa kai, a kwance.

Ta ce, "Ban kama ki ba. Amma in wannan zai sa ki samu barci, shi ke nan." Ta tattara siket ɗinta ta tsallake ni. Ta juyo ta sake. Ta sake. Ina kallon tafin ƙafarta yana wucewa, da ɓurɓushin ganyen shayi na kwandon shara a jiki. Da ta gama ta tsaya tana haki kamar wadda ta hau bene.

"Na yi naku. Yanzu ku taimaka min da nawa. Akwai 'yar jaka shuɗiya a kan teburina. Ko mai gyara ya ture ta? Ko kin share ɗakin?"

A nan ne ni da ba na iya tambayar direban bas inda zan sauka na samu bakin magana. Daga kwancen na ce, "Gashina ne a ciki. Na ɗauke abina."

"Gashinki?"

"Na jefa shi a ruwa jiya."

Ba ta faɗi ba, zamewa ta yi a jikin kujera har ta zauna a ƙasa, kanta daidai da nawa. Ta ce, "Na Tandi ne." Ta maimaita. "Na 'yata ne. Ita ce a hoton. Babanta baƙar fata ne, gashinsa ta ɗauko. Sankarar jini ce. Na yanke shi da kaina kwana ɗaya kafin a fara mata magani, don likita ya ce duk zai zube. Tana da shekara shida ta rasu." Ta kalli hannunta. "Ƙarshen watan nan muke tuna matattunmu. Shi ya sa na fito da shi. Biskit ɗin ma nata ne, irin wanda take so."

Ka taɓa jin kunyar da ta hana ka tashi zaune? Tashi ma sai na ga kamar rashin kunya ne, kwanciyar kuma ta fi muni. Na ci gaba da kallon silin, hawaye yana gangarawa cikin kunnena. Anti Sadiya, wadda tun da na san ta ban taɓa ganin magana ta ƙare mata ba, ta kife wayar a kan tebur a hankali, ta ce, "Innalillahi," da Hausarmu ta ƙara, "Farfesa, mun yi abin kunya."

Kwana tara Fiona ba ta ce mana komai ba. Na rubuta wasiƙar ban haƙuri shafi huɗu, na gyara ta sau uku, na tura ta ƙarƙashin ƙofa. Anti ta dafa shinkafa da miyar kaza ta kai mata, kwanon ya yini a bakin ƙofa. A cikin kwanakin ne na je asibiti. Ƙarancin jini ne, irin na wadda ta mayar da indomi da shayi abincinta safe da rana. Zubar gashin kuwa, likitar ta ce ga jinin, ga kuma ruwan famfon garin da mata da yawa ke kuka da shi. Ta rubuta min ƙwayoyi, ta ce in ci ganye da hanta.

A rana ta goma Fiona ta ƙwanƙwasa mana. Ta ce, "Zo ki nuna min wurin."

Muka shiga abra da la'asar, muka zauna gefe da gefe cikin ma'aikata masu komawa gida. Da muka kai tsakiya na nuna da yatsa, duk da ruwa ba shi da alama, ko'ina iri ɗaya ne. Ta daɗe tana kallo. Ba ta jefa komai ba, ba ta karanta komai ba. Sai da muka juyo ta fara magana, idonta a kan ruwan.

Ta ce su ba su bauta wa Shaiɗan, a addininsu ma babu shi. Ba yanka, ba jini. Wuƙar da na gani ko lemo ba ta taɓa yankawa ba, nuni ake yi da ita. Gishiri ƙasa yake wakilta, kyandir wuta. Babbar ƙa'idarsu ita ce kada ka cutar da kowa, kuma sun yarda duk abin da ka aika wa wani zai dawo maka ninki. "Ko kyandir na fatan lafiya ba na kunna wa mutum sai na nemi izininsa. Na so in tambaye ki. Na so kuma in ce ki je a auna jininki, don na san wannan farin idon, na gan shi a fuskar Tandi. Amma duk sanda na shigo kicin sai ki fice."

Na ce, "Ki yafe min."

Ta ce, "Ban kai nan ba tukuna. Ina ƙoƙari."

Ƙarshen Nuwamba ta tashi daga gidan. Ba ta bar adireshi ba, ni ma ban ga fuskar tambaya ba. Tukunyar na'a-na'a ɗaya ta bari a baranda, ban sani ba ko kyauta ce ko wuri ne ya ƙare a mota. Na ci gaba da ba ta ruwa har na gama karatu.

Addinin Fiona ba nawa ba ne, har gobe ban yarda da shi ba, ita ma ba ta taɓa neman in yarda ba. Amma na zauna da littafin nan nawa mai layuka uku na karanta shi daga farko, kamar yadda malami ke duba aikin ɗalibi. Wadda ta shiga ɗakin wata ta saci gashi, ni ce. Wadda ta kai shi tsakiyar ruwa ta jefa ba waiwaye, ni ce. Wadda ta kwanta a tsallake ta sau uku, abin da ban taɓa gani a littafin addini ko ɗaya ba, ni ce. In da za a nemi mai tsafi a fulat ɗin nan, shaidar duk a rubuce take, da kyakkyawan rubutuna.

Gashina ya dawo, har mai kitso tana mitar yawansa. Na Tandi ƙulli ɗaya ne a duniya. Har yanzu in na dunƙule abin da ya maƙale a mataji, sai in tsaya da shi a hannu. Na yi wata biyu ina bincike a kan matar da taku biyar ne tsakanin ƙofata da tata. Yanzu duk wanda ya ce min ya yi bincike a kan wani, nakan tambaye shi ko ya ƙwanƙwasa masa ƙofa. Anti Sadiya kuwa tun ranar ba ta sake kirana Farfesa ba, ni ma ban tambaye ta dalili ba.