Rasuwar Zabiya, Rikodar Aƙilu Mai Tsire

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Aƙilu mai tsire, mutumin Tsiga, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki na Funtua da Malumfashi da kewaye rasuwar rikodata, wadda aka fi sani da Zabiya. Ta cika jiya Asabar da la'asar sakaliya, rana ta biyu ta bikin kaɗe-kaɗen bayan kaka da ake yi a Malumfashi, tana bakin aikinta a gefen tukubata. Shekararta tara a hannuna.

Marigayiya ta shigo gidana a shekarar da auduga ta yi albarka, aka ɗauko ta daga Funtua a kan cinya, ba a yarda an sa ta a bayan mota ba. Mai haƙuri ce, mai wadatar zuci. Batir shida take ci, in sun yi sanyi in shanya su a rana, in ɗan ciccije su, in mayar mata, ta karɓa ba ƙorafi. Sau biyu kacal ta taɓa tauna kaset, shi ma ina da shaidu kaset ɗin ne ya tsokane ta.

Duk wanda ya saba zuwa bikin nan ya san mu masu tsire mun fi goma a filin, kuma ba na ce nawa ya fi na kowa yaji ba. Abin da ke tara mini jama'a Zabiya ce. Ƙa'idar ita ce ka sayi tsinke biyu, ka yi magana a bakinta, in danna, ta yi ƙirrrr ta koma baya, ta yi ƙwas ta tsaya, sai ka ji kanka. Malam Mati, manomin da ya fi kowa tsare gida a ƙauyenmu, ranar da ya fara jin muryarsa cewa ya yi: "Aƙilu, ka ji tsoron Allah, wannan ai akuya ce." Sai ya ƙara tsinke biyu don ya sake gwadawa. Masu kalangu da masu gurmi, da sun sauka daga wasa, wurina suke nufa su ji yadda suka yi. Shekara tara ina tsakiyar taro, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗin hakan.

Rashin lafiyar ya fara ranar Juma'a, ko da yake in za a faɗi gaskiya ni ya fara kamawa. Segun ɗan Baba Adebayo, mai gyaran rediyo a Funtua, ya kafa rumfa dab da tawa. Ya kawo talabijin da ƙaramin inji mai ba da wuta, da wani akwati mai waya biyu, kowace da abin murzawa a bakinta. Me ake gani a ciki? Farin kara ɗaya a dama, ɗaya a hagu, da wani ɗigo yana kai da komo. Shi ke nan fa. Mutum biyu su zauna suna murzawa, kowa na tare ɗigon kada ya wuce shi. Ba waƙa, ba kiɗa, ba muryar kowa, sai tim, tum, tim, tum.

A kan wannan ɗigon jama'ar da na sani tun suna goye suka juya mini ƙeya. Masu kalangu suka wuce ta gabana da gangunansu a kafaɗa, ko sallama babu. Wanda ya sayi tsire ma sai ya karɓa ya yi gaba, yana ci yana leƙe ta kafaɗar wani. Na kunna Zabiya har ƙarshen murya, rurin injin ya shanye ta. Na tsaya ina fifita wuta ina ƙirga kawunan da ke can, raina yana ƙuna.

Da a ce Segun mugun mutum ne, da na samu sauƙi. Amma jiya da hantsi sai ga shi har gabana, ya rusuna ya ce: "Baba Aƙilu, na ji muryarta ta yi ƙasa. Ku kawo ta in jona muku a injina, akwai wuri." Na ce masa mun gode, Zabiya ba ta cin abincin maƙwabta.

Daga nan na nufi wurin Jibo, direban babbar motar auduga, na roƙe shi aron wuta. Ya ce batiran motarsa biyu ne a haɗe, wanne nake so? Na ce duka. A lissafina, in ƙananan batura shida sun sa ta waƙa, manya biyu za su sa a ji ta har Musawa. Muka jawo waya, na sa kaset ɗin da aka fi so, na danna.

Jama'a, ban taɓa jin ta da ƙarfi irin na wannan lokacin ba. Kiɗan ya ruga a guje, mawaƙin ya koma kamar ɓera, sai ta yi wiiii, ta yi fut, hayaƙi ya fito ta inda ake sa kaset. Na ɗaga kai in ga wa ya gani. Ko mutum ɗaya bai waiwayo ba. A daidai lokacin Malam Mati ya cinye wani malamin gona a wasan ɗigon, fili ya kaure da ihu, har an ɗaga shi sama. Wannan ya fi mutuwar yi mini ciwo.

Ta rasu ta bar kaset goma sha bakwai, da batura shida da ke shanye har yanzu ba su da labari, da rigar ulu da maiɗakina Adama ta saƙa mata, da biron da ake juya kaset da shi, da tsinken ashana da ya riƙe mata madanni shekara huɗu. Ta kuma bar ni, da nama rabin tunkiya da bai shiga ba.

Segun ya zo gaisuwa kafin kowa. Ya buɗe ta, ya sansana, ya girgiza kai, ya ce cikin ya ƙone sai dai lasifikar tana nan lafiya, in na yarda zai ɗora wa akwatinsa don ƙarar ta ƙaru. Ina sanar da jama'a cewa da lasifikarta za a rufe ta. Ina raye ba za a yi tim, tum da maƙogwaron Zabiya ba.

Za a naɗe ta cikin rigarta, a kai ta Tsiga gobe Litinin a motar Jibo, a sa ta ƙarƙashin gado inda ba mai taɓa ta. Zaman karɓar gaisuwa kuwa yau Lahadi ne, ranar ƙarshe ta biki, a gefen tukuba, kuma akwai tsire sadaka. Ana farawa da fitowar rana, a tashi kafin Segun ya ja igiyar injinsa, domin na san mutanenmu. Yayana Lawal, wanda zai yi mana addu'a, ya roƙa a zo da wuri kuma a taƙaita, don shi ne na uku a layin wasan ɗigon.