Yadda Haladu Ya Kashe Kada Yana Zaune Yana Cin Kaza

Wani mutum ne a garin Rafin Gora, sunansa Haladu, manomin albasa. To, manomi dai a baki, don fadamarsa ko akuya ba ta tsayawa ta kalla. Amma in ana maganar cika baki, nan kam Allah ya yi masa baiwa. Haladu zai dubi tsabar idonka ya ce ya taɓa yin nutso tun hantsi bai fito ba sai la'asar, kuma ko da ya fito hularsa a bushe take.

Manoman rani na bakin dam ɗin garin suna da zaure a intanet, Zauren 'Yan Fadama. Malam Zubairu malamin gona ne ya buɗe musu, shi ne kuma mai kula da shi. A nan ake tambayar maganin tsutsa, a nan ake cigiyar tiyo in ya ɓata. Kowa da sunansa na yanka yake shiga, sai Haladu kaɗai da ya sa wa kansa Dodon Ruwa. Ba a buɗe zance a zauren nan bai tsoma baki ba. Ka tambayi irin tumatir, ya ba ka labarin kakansa da ya yi kokawa da dorina. Ka ce jakinka ba shi da lafiya, ya ce nasa jakin har iyo ya iya, da baya da baya ma.

Abu ɗaya ne ke ci masa rai. A zauren akwai wani ɗan tauraro mai ruwan zinare da ake liƙawa a gefen sunan Sarkin Ruwan ƙungiya, wato mai riƙe da mabuɗin babban injin ban-ruwa. Tun da tsohon Sarkin Ruwa ya tsufa ya ajiye, tauraron ke zaune ba mai shi. Haladu kuwa son tauraron nan yake kamar ransa zai fita.

Ana nan sai ga kada ya bayyana a dam. Ƙato ne, baƙi, da tabo fari a kan hanci. Ya fara da akuyar wani, ya biyo da agwagi, ranar nan har tiyo ya ja ya shige da shi ruwa. Aiki ya tsaya cak, albasa ta fara laushi. Malam Zubairu ya rubuta sanarwa ya manna ta a saman zaure: duk wanda ya raba jama'a da wannan kada, tauraro nasa ne, mabuɗi nasa ne.

Ko minti biyu ba a yi ba Dodon Ruwa ya amsa.

"Wannan ɗan ƙadangaren ne ya hana ku sakat? Ku bar ni da shi. Ranar sha huɗu ga wata, da farin wata ya cika, zan shiga in fito da shi. Sharaɗi ɗaya: ranar kar wanda ya zo bakin dam, ko tsuntsu ne. Asirin ba ya son ido. Ku zauna a gida, zan riƙa ba ku labari ta nan kai tsaye."

Ranar Litinin ce, sha ɗaya ga watan sama. Kowa ya lissafa da yatsu, sha huɗu ta faɗo Alhamis.

Shi fa Haladu ko a kwatami bai iya iyo ba. Abin da ya taka shi ne wani sabon tsari da aka ƙara a zauren saboda masu tafiya daji inda babu sabis. Mutum zai rubuta saƙonsa ya ajiye, ya sa masa rana da lokaci, in lokacin ya yi saƙon ya fito da kansa ko mai shi yana barci. Dabarar Haladu ke nan: ya rubuta faɗan tun yanzu, ranar Alhamis ya sulale ƙauyen ƙanwarsa ya sha fura, da yamma ya dawo da wutsiyar kada a kafaɗa. Wutsiyar ma ya riga ya gano ta, wata tsohuwa busasshiya da ke rataye a rumfar Makau baduku. Ya je ya ce ciwon baya ke damunsa, an ce ya riƙa jingina da ita. Makau ya ce ya zo Laraba ya ɗauka aro. Kafin ya tashi ya faki ido, ƙyas, ya ɗauke ta hoto.

In kuma kadan ya sake fitowa bayan an ba shi tauraro fa? Haladu ya yi dariya shi kaɗai. Sai ya ce matarsa ce, ta zo neman miji.

Ya samu gindin mangwaro ya zauna ya shiga rubutu. Saƙo biyar ya shirya, tsakanin kowanne minti goma. Da ya gama sai ya ji daɗi ya ɗebe shi, ya ga kamar abin bai kai girmansa ba, ya ƙara na shida, wanda ko kafin ya miƙe ya manta da shi. Waya ta tambaye shi rana. Ya danna sha huɗu, ƙarfe goma na safe. Abin da Haladu bai sani ba, waya ba ruwanta da watan sama. Shi tun da aka haife shi bai taɓa ƙirga kwanan wata da kalandar bango ba. A lissafin waya ranar nan sha uku ce, sha huɗunta kuwa gobe Talata.

Rubutun ya cinye masa caji tas. Da safe ya miƙa wayar shagon caji, ya sa babbar riga ya nufi bakin dam, don Talatar nan ce ƙungiya ta shirya masa walimar addu'a. An shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin ƙatuwar giginya, nesa kaɗan da ruwa. Inna Tasalla, tsohuwar da ke sayar wa manoma abinci, ta soya kaji uku. Aka sa Haladu a tsakiya, aka tura masa kwano gaba. Ya naɗe hannun riga ya damƙi cinya.

Ƙarfe goma daidai, ƙilin! ƙilin! ƙilin! Wayoyin jama'a suka ɗauka gaba ɗaya.

Malam Zubairu ya gyara tabarau. "Ikon Allah. Dodon Ruwa ne ya yi rubutu."

Ya karanta da ƙarfi: "Jama'a, ga ni a bakin dam ni kaɗai kamar maye. Kwanana uku rabona da abinci, sharaɗin aikin ke nan. Na tuɓe riga."

Kowa ya juyo. Ga Haladu cikin babbar riga, ga cinyar kaza rabi a baki rabi a waje, mai na bin gemu.

Ya shafa aljihu, ba waya. Amma mutumin naku bai saba faɗuwa a zance ba. Ya haɗiye naman da kyar, ya lumshe ido, ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Ashe an fara. Ban so ku sani ba. Wannan da kuke gani gangar jiki ce kawai. Ni ina can. Kurwata ce ta riga ni shiga aiki."

"Kurwar ce ba ta ci abinci ba kwana uku?" in ji Inna Tasalla.

"Ita ce, Inna."

"Shi ya sa kake ci mata. Allah sarki. Ƙaro masa."

Wasu suka ja da baya da tabarminsu, don ba a wasa da irin wannan. Wasu kuma suka matso. Haladu ya karkato wajen Malam Zubairu ya raɗa masa, "Malam, wai in abu ya fara fitowa a zauren nan, ba a iya tsayar da shi?"

"Wane abu? Kurwar?"

"A'a, tambaya dai nake."

"Sai dai mai shi, daga wayarsa," in ji Malam Zubairu, yana kallonsa ta saman tabarau. Haladu ya yunƙura zai tashi, wai zai kama ruwa. Dattawa biyu suka danne masa kafaɗa. Ina! Ai ba a barin gangar jiki ta yi yawo alhali mai ita yana bakin aiki, in ta ɓace wa za a tambaya?

Ƙilin!

"Na shiga ruwa. Na same shi a kwance a ƙofar raminsa. Na yi sallama bai amsa ba, na kwaɗa masa mari. Da hagu nake muku rubutun nan, dama na maƙogwaronsa."

Jama'a suka dubi dam. Ruwa shiru, ko kumfa babu, sai wata balbela da ke tsaye da ƙafa ɗaya.

"Faɗan a ƙasa ne sosai," in ji Haladu.

"Kurwar da wayarta ta shiga?" wani ya tambaya daga baya.

"A leda take."

Ƙilin!

"Wayyo! Ya cafke ni a cinya. Jini kamar an yanka sa. Amma ko a jikina, dariya ma nake."

Haladu ya ga ba makawa. Ya saki ƙara, ya dafe cinyar dama, ya faɗi ya hau birgima a tabarma yana shure-shure, har ya kifar da kwanon miya. Mata suka ɗau salati. Malam Zubairu ya ɗaga hannu.

"Ban gama ba. Ya ce, cinyar hagu ce, in na dawo kowa zai ga tabo."

Haladu ya tsaya cak. A hankali, kamar ba shi ba, ya zame hannu ya mayar hagu, ya ci gaba da nishi.

"Ciwon ma yawo yake," in ji Inna Tasalla. "Sannu, ɗan nan."

Yanzu kam dariya ta fara ɓullowa nan da can, ana toshe baki da hula. Haladu yana kwance yana roƙon Allah a ransa ya kawo iska ta kayar da ƙarfen sabis, ko a ɗauke intanet ɗin duniya baki ɗaya na minti talatin.

Ƙilin!

Wannan karon hoto ne. Ga wutsiyar kada a kan tabarma, a ƙasa an rubuta: "Na tsinke masa wutsiya da hannu. Ga ta nan da ɗuminta."

Makau baduku, da ke can gefe yana tsotsar ƙashi, ya kai wayar kusa da hanci. Ya ware hoton da yatsu biyu. Ya sake warewa.

"Kai! Wannan ai tabarmar rumfata ce. Ga basillata. Wannan kuma babban yatsan ƙafata ne, ga farcen da guduma ta fasa!" Ya cire takalmi ya ɗaga ƙafar sama kowa ya gani. "Wutsiyar nan tun zamanin babana take rataye, har gizo-gizo ya yi jikoki a ciki. Haladu, ciwon bayan ke nan?"

"Kurwa ba ta da iyaka," in ji Haladu da 'yar muryar da ta rage masa. "Tana iya biyawa ta rumfarka."

Wuri ya kaure. Wani ya faɗi yana dukan ƙasa, wani fura ta fito masa ta hanci. Malam Zubairu kuwa ya duba saman wayarsa, ya ga kwanan wata, ya kalli Haladu, ya girgiza kai. Sai shi ma ya fashe da dariya.

Ƙilin!

Da kyar ya iya karantawa: "Alhamdu lillahi. Ya mutu murus. Ina zaune a kan gawarsa ina hutawa. Malam Zubairu, a goge tauraro."

Bai rufe baki ba aka ji fuuu daga bakin ruwa. Ƙashin kajin da aka yi ta wurgawa gangare ya yi baƙo. Ga kada nan ya fito rabin jiki, baƙi, da farin tabonsa a hanci, ya wangale baki ya yi hamma, wutsiyarsa cif a jikinsa tana kaɗa ruwa.

Kowa ya watse, amma ba wanda ya ga tashin Haladu. Mai ciwon cinya biyu! Giginyar nan da ko masu hawa sai da igiya, sai ganinsa aka yi a can ƙoli ya rungume ta hannu da ƙafa, babbar riga ta naɗe a wuya, takalmi ɗaya a ƙasa ɗaya Allah kaɗai ya san inda yake. Kada ya tako a hankali ya zo gindin giginyar, ya haɗiye sauran kazar Haladu har da murfin kwano, ya kwanta.

Jama'a suka tsaya daga kan tudu, kowa ya ɗaga waya yana ɗaukar hoto.

"Dodon Ruwa!" Makau ya ƙwala masa kira. "Ga gawar nan ta zo, sauko ka zauna!"

Ko a can sama bakin bai mutu ba. Haladu ya leƙo ta tsakanin ganye.

"Ba shi ba ne! Wallahi ba shi ba ne! Wannan matarsa ce, ta zo neman miji!"

Ƙilin!

Malam Zubairu ya share hawaye, ya gyara murya, ya karanta yadda har na kan giginya zai ji: "Na manta ban gaya muku ba. Matarsa ma ta taso, na gama da ita. 'Ya'ya, ƙanne, kawunnai, duk na share. Ko ƙwai ban bari ba. Daga yau duk wanda ya ce ya ga kada a dam ɗin nan, maƙaryaci ne."

Kada ya sake yin hamma.

Inna Tasalla ta kare rana da tafin hannu, ta ɗaga kai sama.

"To, ɗan nan, tunda babu kada, me kake jira? Sauko ka karɓi tauraronka."